Ƙasashe Bakwai, Gurbi Biyu: Zagayen Farko na Gasar WAFU da Rabon Matasan Kebbi

Ranar Lahadi 8 ga Mayun 2022, kimanin mako guda bayan ƙaramar salla, matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 20 suka shiga filin wasa na Janar Seyni Kountché da ke Yamai domin karawa da Gana. Wasansu na farko ke nan a gasar shiyya ta biyu ta ƙungiyar ƙwallon ƙafar Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFU B. Gana ce ke riƙe da kofin shiyyar a lokacin, ita ce kuma ke riƙe da na nahiyar baki ɗaya, wanda ta ɗauko a Muritaniya a 2021. Ba a daɗe da take wasa ba Ibrahim Muhammad ya zura ƙwallo a ragar Gana, bayan an dawo daga hutun rabin lokaci Ahmed Abdullahi ya ƙara ta biyu. Aka tashi 2 da nema.

Bayan shekara guda da 'yan makonni, a daren 31 ga Mayun 2023, wannan Ibrahim Muhammad ɗin ne ya fara zura wa Ajantina ƙwallo a gaban magoya bayanta a birnin San Juan, a gasar cin kofin duniya ta matasa, kafin Rilwanu Sarki ya rufe wasan da ta biyu. Wasan Ajantina kowa ya ji labarinsa, daga gidajen kallo na Gesse da Badariya da Bayan Kara a Birnin Kebbi har zuwa majalisun masu shayi a Argungu. Na Yamai kuwa ƙalilan ne za su iya tuna shi, alhali da an yi tuntuɓe a can, da babu wanda zai taka ƙasar Ajantina. Ga shi kuma Yamai ta fi Abuja kusa da Birnin Kebbi.

Gasar da ta fi kowace kusa da mutanen kwarin Rima ita ce suka fi ƙarancin sani a kanta, kuma a zagayenta na farko ne ake yanke wa ƙasashe da yara da yawa hukunci tun duniya ba ta san sunayensu ba.

Yadda ƙofar ta ƙuntata

An kafa WAFU a 1975, shekarar da aka kafa ƙungiyar ECOWAS. A 2011 hukumar ƙwallon ƙafar Afirka, CAF, ta raba ta gida biyu. Shiyya ta farko ta haɗa ƙasashe tara, irin su Senegal da Mali da Gini da Gambiya da Laberiya da Saliyo. Shiyya ta biyu kuwa ƙasashe bakwai ne: Najeriya, Nijar, Benin, Togo, Gana, Burkina Faso da Kwaddebuwa.

A da, ƙasar da ke neman zuwa gasar matasa ta Afirka wasannin gida da waje take bugawa da duk wadda ƙuri'a ta haɗa ta da ita, ko daga wane ɓangaren nahiyar take. Daga baya CAF ta sauya tsari, ta ce kowace shiyya ta tara ƙasashenta a gari ɗaya, su fafata na kimanin mako biyu, waɗanda suka yi fice su wakilce ta. An fara wannan da 'yan ƙasa da shekara 17 a kan hanyar gasar 2019, sannan 'yan ƙasa da shekara 20 a kan hanyar gasar 2021. Tsarin ya rage wa hukumomin ƙwallo kuɗin jirgi da na masauki, ya kuma ba ƙananan ƙasashe damar buga wasanni fiye da biyu. To amma ga shiyyarmu ya zo da nasa nauyin.

A dubi waɗanda aka zuba a kwando ɗaya. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kamo ta. Gana ta ɗauke shi a 1991 da 1995, ita ce kuma ƙasar Afirka ta farko da ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20, a Masar a 2009. Burkina Faso ta zama zakaran Afirka na 'yan ƙasa da 17 a 2011, Kwaddebuwa ta gaje ta a 2013. Nijar da ake gani kamar ƙanwar kowa ta je gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a Indiya a 2017, ta doke Koriya ta Arewa a wasanta na farko, ta kuma tsallake rukuni. Duk waɗannan, a yawancin shekaru gurbi biyu kacal suke nema. Wanda ya kai wasan ƙarshe ya samu tikiti. Wanda ya zo na uku sai ya karɓi lambar tagulla ya koma gida.

Abin da ya sami Najeriya ke nan a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a birnin Akra a watan Mayun 2024. Yaran koci Manu Garba sun tashi babu ci da Burkina Faso a wasan farko, suka doke Nijar da Togo, Kwaddebuwa ta tare su a wasan kusa da na ƙarshe, suka huce a kan Gana suka zo na uku. Wannan na ukun bai kai su gasar Afirka da aka yi a Maroko a 2025 ba, saboda haka ƙasar da ta fi kowa yawan kofi ba ta cikin ƙasashe 48 da suka je gasar duniya a Katar a ƙarshen shekarar.

Lissafin rukuni mai ƙasashe uku

Bakwai ba ta rabuwa biyu daidai. Idan kowa ya halarta, rukuni ɗaya zai samu ƙasashe huɗu, ɗayan uku, kuma biyu-biyu ne ke wucewa. A rukunin huɗu kowa na da wasa uku, wanda ya faɗi a na farko yana da sauran dama biyu. A rukunin uku wasa biyu ne kawai. Minti 90 na farko su ne rabin gasar.

Akwai kuma rashin daidaiton da ke cikin jadawalin kansa. A ranar farko ƙasa ɗaya tana zaune a kan benci tana nazarin abokan hamayyarta biyu, kocinta na rubuce-rubuce, 'yan wasanta suna hutawa. A ranar ƙarshe kuma wata ƙasar ce ke zaune, ta riga ta gama nata, ba ta da abin yi sai addu'a, yayin da sauran biyun suka san ainihin sakamakon da zai fisshe su.

Kocin Najeriya Ladan Bosso ya ɗanɗani wannan zaman a birnin Porto Novo na Benin a watan Disambar 2020. Tawagarsa ta 'yan ƙasa da shekara 20, Flying Eagles, ta yi kunnen doki 1 da 1 da Kwaddebuwa a wasan farko, Gana ta doke ta da ci ɗaya a na biyu. Da maki ɗaya a hannu suka zauna jiran Gana ta taimaka musu. Gana, wadda ta riga ta haye, ta sha kashi a hannun Kwaddebuwa, Najeriya ta tattara kayanta. Ƙasar da ta ci kofin Afirka na wannan mataki sau bakwai ba ta ko leƙa Muritaniya ba.

Shi ya sa wasan Yamai na 2022 ya fi maki uku nauyi. Koci ɗaya ne, abokiyar karawa ɗaya ce, rukunin ma na ƙasashe uku ne, sai dai a wannan karon Burkina Faso ce ta ukun. Da Najeriya ta ci Gana 2 da nema, kunnen doki 2 da 2 da ta yi da Burkina Faso ya wadatar da ita. Gana ce ta koma gida daga rukuni, da kofunanta biyu da ba ta samu damar karewa ba. Mai masaukin baƙi ma ba ta tsira a nata rukunin ba, Benin da Kwaddebuwa ne suka wuce. Najeriya ta doke Kwaddebuwa 2 da 1 a wasan kusa da na ƙarshe, ranar Juma'a 20 ga Mayu kuma ta ci Benin 3 da 1 ta ɗaga kofi.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar kamun kifin Argungu zai gane yanayin: da zarar an ba da alama, dubban masunta suke rugawa cikin ruwa lokaci guda, kuma wanda ya ɓata mintocin farko yana gyaran homa da gora, kafin ya shiga wasu sun riga shi gurbin manyan kifaye.

Daga Yamai tawagar Najeriya ta wuce Masar a farkon 2023, ta zo ta uku a Afirka, sannan Ajantina, inda ta doke Italiya da mai masaukin baƙi kafin Koriya ta Kudu ta tsayar da ita a zagayen 'yan takwas bayan ƙarin lokaci.

Ba kullum Laraba ke faɗin gaskiya ba

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tarihin wannan gasar ya yarda da maganar a wasu shekarun, ya ƙi ta a wasu.

A watan Satumbar 2018, a Yamai ɗin dai, Burkina Faso ta doke Golden Eaglets, 'yan ƙasa da shekara 17 na Najeriya, 3 da 2 a wasansu na farko. Rukunin na ƙasashe uku ne, don haka babu sauran wurin ja da baya. Yaran Manu Garba suka sauke wa Kwaddebuwa 5 da 1, suka fitar da Nijar a gaban jama'arta, suka ci Gana a bugun fanareti a wasan ƙarshe. A watan Oktobar 2024 a birnin Lome, Burkina Fason ce dai ta sake cin Najeriya a wasan farko, wannan karon 'yan ƙasa da shekara 20 ƙarƙashin Aliyu Zubairu. Suka farfaɗo a kan Kwaddebuwa, suka doke Nijar 3 da 1, suka ci Gana 2 da 1 suka riƙe kofin da aka ɗauko a Yamai.

Akasin haka ma ya faru. A gasar CHAN ta 'yan wasan da ke taka leda a gida, wadda aka yi a Ruwanda a 2016, Najeriya ta buɗe da lallasa Nijar 4 da 1, Chisom Chikatara shi kaɗai ya ci uku. Ana ta lissafin wanda za a haɗu da shi a gaba, sai kunnen doki da Tunisiya, sai Gini ta ci ɗaya, Najeriya ta fita daga rukuni.

A gasar manya ta WAFU, wadda ke haɗa shiyyoyin biyu, zagayen farkon ya fi haka rashin tausayi, domin sili ɗaya ƙwale ne. A Gana a 2017 ƙasashe 16 suka fara, takwas suka koma gida bayan wasa ɗaya tak. Najeriya ƙarƙashin Salisu Yusuf, da Rabi'u Ali na Kano Pillars a cikin tawagar, ta tsallake Saliyo ta kai wasan ƙarshe, inda Gana ta ci ta 4 da 1. Nijar ce ta zo ta uku a shekarar. A 2019 a birnin Thiès na Senegal kuwa, Togo ta fitar da Najeriya daga neman babban kofin tun a wasan farko da ci 2 da 1.

Abin da waɗannan shekaru suka nuna shi ne, sakamakon wasan farko bai kai yadda aka karɓe shi muhimmanci ba. A gasar da ake buga wasa kusan duk bayan kwana uku, cikin zafin Yamai na watan Mayu da kan haura digiri 40, koci ba shi da lokacin koya wa yara sabon salo. Abin da zai iya shi ne ya gane wanda ƙafarsa ta yi sanyi a gaban taro, wanda numfashinsa bai kai minti 90 ba, da wanda ke benci alhali shi ya dace ya fara. Yawancin yaran nan wasan farkon shi ne karonsu na farko da sa rigar ƙasa, wasu ma ranar ce suka fara jin an rera taken Najeriya saboda su. Masu farautar 'yan wasa daga Turai da Arewacin Afirka kuma suna zaune a gefe, kuma ba kowa ne cikinsu ke jira har wasan ƙarshe ba.

Zagayen da ake bugawa a asibiti

A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 akwai wani zagaye da ke gaban na farko, wanda babu ɗan kallo ko alƙalin wasa a cikinsa. Shi ne gwajin shekaru. Tun gasar duniya da Najeriya ta karɓi baƙunci a 2009, FIFA ta shigo da ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI. Likita na duba ƙarshen ƙashin hannu, wurin da yake ci gaba da tsawo muddin yaro na girma. Idan wurin ya riga ya haɗe gaba ɗaya, wato ya kai mataki na shida a ma'aunin likitoci, sai a ce ɗan wasan ya wuce shekarun gasar. Masana na da ja a kan ingancin gwajin, tun da jikin kowane yaro da saurin girmansa, amma CAF da shi take aiki, kuma ta sha korar tawaga sukutum saboda shi.

Najeriya ta san zafinsa. A watan Agustan 2016, watanni tara bayan Victor Osimhen da abokansa sun ɗauko kofin duniya daga Chili, gwajin ya zubar da 'yan wasa 26 daga sansanin sabuwar tawagar ana dab da karawa da Nijar. Da ragowar aka ci 1 da nema a Abuja, aka je Yamai aka sha 3 da 1. Zakarun duniya suka faɗi a matakin share fage, Nijar kuma ta kama hanyar da ta kai ta Indiya.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidajenmu. Yaron da ke murza leda da yamma a filin makaranta a Gesse ko Makerar Gandu, ko a kan rairayin fadama a Argungu bayan ruwa ya janye, ba gwanintarsa kaɗai za a tambaya ba ranar da aka gayyace shi sansani. Za a nemi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da shaidar makaranta, da fasfo, kuma dole ranakun su dace da juna. Iyaye da yawa a karkara ba sa yi wa jariri rajista, sai buƙata ta taso a je kotu a yi rantsuwar shekaru. Wani kuma gwanintarsa ba ta fitowa fili sai ya haura ashirin, saboda babu gasar yara mai ɗorewa da za ta fito da shi da wuri, daga nan sai a fara ba shi shawarar ya rage shekaru. Shawarar da ta yi aiki a shekarun baya, yau na'ura ce ke tona ta.

Jihar da ke tsakanin uku

A duk faɗin Najeriya, Kebbi ce kaɗai jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin a lokaci guda. A wajen Dole Kaina da Lolo, inda kogin Kwara ya shigo Najeriya, ƙasashen uku suke haɗuwa. Wasan ƙarshe na 2022, Najeriya da Benin a babban birnin Nijar, wasa ne na ƙasashe ukun da ke kewaye da wannan kusurwa.

Mai mota daga Birnin Kebbi zai bi ta Kalgo da Bunza ya isa Kamba, ya tsallaka Gaya, daga nan ko ya miƙe arewa zuwa Doso da Yamai, ko ya haye gada ya faɗa Malanbil ta Benin. Na Argungu yana da hanyar Kangiwa. Mutanen da ke kan wannan hanya, Kabawa da Arawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani, dangin juna ne tun zamanin daular Kabi ta Muhammadu Kanta a ƙarni na 16, ɗaruruwan shekaru kafin Ingila da Faransa su ja layi a tsakaninsu. Ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ya daɗe yana jawo masunta da 'yan kallo daga ƙetaren iyaka. A fagen kokawa ma haka abin yake: idan ana gasar takobi a Nijar, masu rediyo da waya a wannan ɓangaren suna bin ta kamar tasu, sunan Isaka Isaka na Doso kuma ba baƙo ba ne a bakin yaran Dandi da Arewa.

Ƙwallon ƙafa ce ba ta bi wannan sawun ba tukuna. Matashi a gidan kallo zai jero maka 'yan wasan Arsenal da Barcelona har da na benci, ya gaya maka nawa aka sayi kowa, amma da wuya ya kawo sunan mutum uku a tawagar Mena ta Nijar. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mai gidan kallo abin da tauraron ɗan'adam ya kawo yake nunawa, kuma da kuɗin shiga yake sayen man janareta. Wasannin WAFU kuwa sau da yawa sai a intanet ake samunsu, a shafukan Facebook ko YouTube, ga tsadar data, ga hoto mai yankewa. Gasar da ba a gani ba a yin musu a kanta, wadda ba a musu a kanta kuma ba ta samun mai ɗaukar nauyi.

Alhali Yamai ta sha kawo manyan wasanni kusa. Ta karɓi gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, inda tawagar su Osimhen ta samu tikitin Chili. A 2019 ita da Maraɗi suka karɓi ta 'yan ƙasa da 20, Najeriya da Nijar suna rukuni ɗaya. Tsakanin ƙasashen biyu akwai tsohuwar hamayya irin ta 'yan gida ɗaya: Nijar ce ta hana Najeriya zuwa gasar CHAN ta 2011, bayan ta ci 2 da nema a Yamai ta kuma riƙe canjaras a Kano. A farkon 2023 Mena ta kai wasan kusa da na ƙarshe na CHAN a Aljeriya ƙarƙashin Haruna Dula, bayan ta fitar da Gana.

Siyasa ta sha datse hanyar. An rufe iyakokin ƙasa na Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe na Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar da Burkina Faso da Mali suka kammala ficewa daga ECOWAS. Amma babu wanda ya fice daga WAFU. A tsakiyar wannan tsamin dangantaka ne yaran Najeriya da na Nijar suka gaisa a fili a Akra da Lome. Shugabancin shiyyar ma ya zagayo hannun 'yan yankin: Kanar Jibrila Hima Hamidu na Nijar ya riƙe shi a baya, a 2025 kuma ya dawo hannun Ibrahim Musa Gusau, shugaban hukumar ƙwallon ƙafar Najeriya.

Abin da ke hannu

Babu mai cewa gobe za a kawo gasar WAFU Birnin Kebbi. Sharuɗɗan CAF a kan fili da fitilu da ɗakunan sauya kaya da masauki suna da tsauri, har ita Nijar ta koma buga yawancin wasanninta na gida na neman zuwa kofin duniya na 2026 a Maroko saboda filin Yamai bai samu amincewa ba. Kano da Kaduna da Bauchi, waɗanda suka karɓi wasannin gasar duniya ta matasa a 1999 da 2009, su ne suka fi kusa da wannan matsayi a Arewa, su ma sai an yi gyara.

Sai dai jihar da aka ƙirƙiro a 1991 ba hannu rabbana take ba. Akwai filin wasa na Haliru Abdu. Akwai ƙaramin filin da aka gina da tallafin FIFA na kusan dala miliyan 1.2, wanda hotonsa ya tayar da muhawara a faɗin ƙasa a ƙarshen 2025 kan ko aikin ya yi daidai da kuɗin. Duk yadda muhawarar ta kaya, filin yana nan, kuma amfaninsa ya danganta ga yawan yaran da ke taka shi a mako. Akwai Kebbi United da ke fafutuka a rukuni na biyu na ƙasa. Akwai filin jirgin sama na Sa Ahmadu Bello. A ƙwallon rairayi kuwa, jihar da ba ta da teku ta riga ta yi suna a Najeriya, abin da ke nuna cewa idan aka samu masu tsayawa a kan abu, nisa da Legas ba ya hana shi tsiro.

Abin da ya fi sauƙi shi ne wanda bai buƙatar izinin CAF. Gasar 'yan ƙasa da shekara 15 tsakanin zaɓaɓɓun Kebbi da na jihar Doso da na yankin Alibori na Benin, sau ɗaya a shekara, ana zagayawa da ita, ba ta wuce ƙarfin hukumomin ƙwallo na jihohin uku ba idan jami'an iyaka da na tsaro suka ba da haɗin kai. Ana iya ɗora zangon Najeriya a kan makon bikin Argungu, lokacin da baƙi da 'yan jarida suka riga suka hallara. Yaron da ya taɓa tsayawa a gaban 'yan kallon Gaya suna yi masa ihu da Zabarmanci, alƙalin wasa na busa da Faransanci, ba zai rikice ba ranar da aka jefa shi wasan farko a Lome ko Abijan.

Na biyu shi ne takarda. Kowace ƙungiyar unguwa da kowace makarantar horar da ƙwallo za ta iya sa rajistar haihuwa ta zama sharaɗin shiga, ta ajiye kundin yaranta tun suna shekara goma, ta yadda ranar da mai neman 'yan wasa ya zo ba sai an shiga kame-kame ba. Na uku yana hannun gidajen rediyon jihar da masu gidajen kallo: sanar da jadawalin gasar, fassara wa jama'a lissafin rukuni, da ware allo ɗaya ranar da Najeriya ko Nijar ke wasan farko.

CAF na gudanar da waɗannan gasanni a kai a kai, FIFA kuma ta mayar da gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta kowace shekara tun daga 2025. Ma'ana, kusan duk shekara za a sake raba ƙasashe bakwai gida biyu, a sake kiran yara sansani, a sake duba wuyan hannu da takardu. Waɗanda za a kira a 2030 yanzu suna firamare da ƙaramar sakandare. Ko za a samu 'yan Gesse da Argungu da Kamba a cikinsu, wannan ya rataya ne a kan abin da iyaye da masu horarwa da hukumar ƙwallon jihar suka yi musu a bana.